Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga alƙalan da ke raba awad na fim a Najeriya: wai da wane mudu kuke awo?

Assalamu alaikum ranku ya daɗe, manyanmu alƙalai, ku da kuke zama a Legas da Abuja cikin ɗaki mai esi ku yanke hukuncin fim ɗin da ya fi kowanne a shekara. Ina gaisuwa, ya aiki ya fama da kallo, don na san zama a kalli fim sama da fim har ido ya yi ja ba ƙaramin aiki ba ne, Allah ya ba da lada.

Ni dai ba kowa ba ne, ban taɓa zama darakta ko furodusa ba, kyamarar da na taɓa riƙewa ta waya ce. Shagon turi gare ni a cikin garin Kano, irin shagon nan mai benci ɗaya da kwamfuta biyu da ɗan janareto a bakin ƙofa, ka kawo waya ko memori in zuba maka fim ka biya ka kama gabanka. Na san wasunku suna jin kalmar turi za su ɓata rai su ce ai ku ne kuka kashe kasuwar, to wannan wata rigimar ce daban, duk ranar da kuka shirya sai mu zauna mu yi ta, yau ba ita ta kawo ni ba. Kafin turi haya nake bayarwa, daga kaset na koma sidi, tun zamanin da in ka shiga Ƙofar Wambai ranar da sabon fim ya fito ba ka samun wurin ajiye ƙafa saboda 'yan sari. Sama da shekara ashirin kenan ina kallon fuskar masu kallo, na san fuskar wanda fim ya shiga ransa, na kuma san ta wanda zai dawo da safe ya ce min malam goge min wannan abin ka sa min wani.

Abin da ya sa na ɗau waya nake wannan dogon rubutu musu ne da aka yi a bencin shagona kwanaki, tsakanin wani yaro ɗan jami'a mai son fina-finan da suka ci kyauta da wani dattijon tela maƙwabcina wanda tun zamanin Plaza da Eldorado da Marhaba yake kallo. Yaron ne ya matsa masa sai ya kalli wani fim da aka yi ta yabo, telan ya karɓa, washegari ya dawo ya ce wallahi bai kai minti ashirin ba barci ya kwashe shi, wayar ma a ƙirjinsa ta kwana. Buɗar bakin yaron nan sai ya ce, ai ku Baba ba ku san fim ba, waƙa da rawa kawai kuka sani. Telan bai ce masa komai ba sai ya yi murmushi ya koma kan kekensa, amma ni maganar ta tsaya min a maƙogwaro har yau, don ba daga bakin yaron ta fara ba, ku ya ji yana kwaikwayo. Ko da ba ku taɓa furta ta ba, haka muke jin ta duk lokacin da kuka ɗaga wani fim sama kuka miƙa masa kambu ba tare da kun ce mana uffan kan dalili ba.

Bari in kama suna don kar a ce ina kewaye-kewaye. A ƙarshen 2021 aka saki fim ɗin Amina a Netflix, tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, Izu Ojukwu ne darakta, Lucy Ameh ta fito a Amina, har da Ali Nuhu a ciki. Murna muka yi sosai da farko, mun ce yau ga namu a inda duniya ke kallo. Da aka zo AMVCA na 2022, wato gasar awad ɗin fim ta tashar Africa Magic, fim ɗin nan shi ya ɗauki kambun fim mafi kyau gaba ɗaya, ya kuma haɗa da kyautar sutura da ta tsara wuri da ta sauti. To ranku ya daɗe ku shiga Zariya ku tambayi mutum goma da suka kalla ku ji. Ni dai abin da na ji a shagona da abin da na gani mutane na rubutawa a Facebook a lokacin, yawanci ƙorafi ne, kuma ba ƙorafin jahilci ba. Na farko harshe, 'yar Bakwa Turunku ga ta nan tana ba da umarni da Turanci, sai can a jefo Hausa ɗaya biyu kamar gishiri a kunu. Na biyu fada, Bahaushe ya san yadda ake shiga gaban sarki, ya san faɗuwa gaisuwa, ya san ba kowa ke ɗaga murya a fada ba, ya san akwai mai karɓa wa sarki gaisuwa, ya san jinjina da kirari da algaita da kakaki, to in ya ga an yi wa wannan riƙon sakainar kashi nan take zuciyarsa ke fita daga fim ɗin ko da an kashe biliyan. Na uku, wasu wuraren faɗan mutane da yawa sun ce sun fi yi musu kama da fina-finan Rumawan nan na filin daga fiye da ƙasar Hausa ta ƙarni na 16. Mu da muka tashi da labarin ganuwar Amina da goron da aka ce a zamaninta ya shigo ƙasar nan, wata Aminar muka zo nema, wata muka tarar.

Kar ku ɗauka ina cewa fim ɗin banza ne, a'a, yabon gwani ya zama dole, hoton ya fita, dawakai da taron mayaƙa da ƙura an ɗauke su yadda Kannywood ba ta da kuɗin yi, sautin ma in ka sa iyafis za ka san an zauna a kansa. In kyautar sauti ce ku ba shi ban da ja. Amma sutura? Nan ne nake so wani a cikinku ya fito ya yi min bayani, kyan ɗinki kuka duba ko dacewa da mutanen da aka ce su ne? Don telan nan da na ba ku labari, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa kan aska biyu da aska takwas da kwaɗo da linzami, da ya ga kayan sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar. Wa ya fi shi cancantar a tambaya? Mai ɗaki ai shi ya san inda yake yoyo.

Kuma a AMVCA ɗin 2022 dai, a rukunin fim ɗin Hausa, Voiceless ne ya ci, fim kan 'yan matan da 'yan ta'adda suka sace. Ban ce bai yi ƙoƙari ba. Na dai lura da wani abu, duk fim ɗin Arewa da zai burge ku sai ya zama akwai bindiga ko garkuwa ko yarinya na kuka a daji. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele ma haka, wanda ya kwashi kyauta biyar a gasar fina-finan Afirka ta AMAA a 2020 har da fim mafi kyau, Maryam Booth ta samu ta mataimakiyar jaruma kuma mun yi mata murna ƙwarai, shi ma labarin ta'addanci ne. Abin yana faruwa, ba mu musa ba, mu ne ma muke binne gawarwakin. Amma ranku ya daɗe muna yin aure a Arewa, muna rigimar gado, muna dariya, akwai uwar miji akwai ɗan haya da mai gida akwai ɗan siyasa da yaransa, kuma a cikin waɗannan ne marubutanmu suka fi gwaninta, sai dai gwanintar tasu ba ta ratsa rubutun fassarar nan na ƙasan allo da kuke karantawa.

Wannan batun rubutun ƙasa shi ne asalin ciwon, ku ba ni dama in daɗe a kansa. Ku ɗauka a fim an nuna uwargida ta gama surfe da wanke-wanke ta fito tsakar gida ta tarar da amarya kwance a tabarma tana danna waya, sai ta dube ta ta ce, sannu da hutawa amarya. Duk matar da ke kallo a Kano ko Katsina ko Maraɗi a nan za ta gyara zama, ta san an ja daga, ta san yau ba zaman lafiya. Shi kuwa alƙalin da bai ji Hausa ba me zai gani a ƙasan allo? Gaisuwa, mace ta gaida mace, sai ya rubuta a takardarsa cewa wannan sin ɗin ba abin da ya faru a cikinsa, an ɓata lokaci. Habaici da gatse da zambo da baƙar magana da shaguɓe da shirun da ɗa zai yi gaban mahaifinsa kansa a ƙasa yana wasa da bakin tabarma, da yadda mace ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba, duk waɗannan su ne naman miyar, kuma su ne fassara ke tsamewa ta miƙa muku romo. In da rubutun ƙasa za a auna marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ai sai a ce wani mutum ne mai yawan ihu, alhali tun rasuwarsa a 2014 har yau ba a yi satin da wani bai zo ya ce in tura masa tsofaffin camamarsa ba. Mutumin da ya rasu fiye da shekara goma yana sa gida guda dariya har da hawaye, in wannan ba gwaninta ba ce to ku faɗa min sunanta.

Sai batun Oska, babbar kyautar fim ta Amurka. A 2019 aka tura Lionheart na Genevieve Nnaji, Sani Mu'azu da Yakubu Muhammad na ciki, Turawa suka dawo da shi wai Turanci ya yi yawa a rukunin da ake son wani harshe. Daga nan ne fa aka tuna ashe muna da harsuna. Aka tura The Milkmaid. A 2022 kuma kwamitin zaɓen ya zauna kan fina-finan Yarbanci uku da mutanensu suka yi ta rububi a kai, ƙarshe ya ce babu wanda za a tura, aka yi ta cece-kuce. A 2024 aka zaɓi Mai Martaba na Prince Daniel da ake kira Aboki, fim na Hausa da aka ɗauka a Daura, har da Adam Zango, bai shiga jerin goma sha biyar na farko ba amma duk da haka mun ji daɗi an ce Hausa ce ta wakilci ƙasa. Tambayata a nan ƙarama ce, mutum nawa ne a Daura da Kano da Sakkwato suka samu ganin waɗannan fina-finan a lokacin da ake ta labarinsu a rediyo? A shagona an fi tambayata wai da gaske ne an kai mu Oska fiye da a ce min ya fim ɗin yake, don ba wanda ya gani balle ya ce ya yi ko bai yi ba. Hausawa suka ce gani ya kori ji, mu kuwa an bar mu da ji. Sai ya zama sunan fim ya riga fim ɗin isowa da shekara guda, kafin ya iso an hura shi ya cika ya batse, duk wanda ya kalla dole ya ce au, dama wannan ne?

To amma fa in na tsaya a nan ban yi adalci ba, kuma akwai abin da ya faru a gidana da ya sa na rage baki.

Ina da aboki malamin jami'a, shi ma irin ku ne, ba ya yabon fim sai wanda ba a gane kansa. Wata rana ya ce min ko na san akwai wata mujalla a Ingila mai suna Sight and Sound da duk shekara goma tun 1952 take tara masana fim na duniya su zaɓi fim ɗin da ya fi kowanne a tarihi? Ya ce a 2022 masana sama da 1,600 suka jefa ƙuri'a, wanda ya zo na ɗaya wani fim ne na wata mata 'yar Beljiyam, Chantal Akerman, na 1975, Jeanne Dielman, tsawonsa awa uku da minti ashirin da ɗoriya. Na ce kawo in gani, fim ɗin da ya fi na duniya duka ai ba a ba ni labari ba. Jama'a, mata ce a gida, ta fere dankali, ta wanke kwanuka, ta goge takalmin ɗanta, ta gyara gado, ta kunna fitila ta kashe fitila, kuma ba a yanke komai, in za ta yi minti biyar tana fere dankali kai ma minti biyar za ka yi kana kallonta. Ba bos, ba akta, ba kiɗa, magana ma sai jefi-jefi da Faransanci. Na yi ta jira a fara fim ɗin har barci ya yi awon gaba da ni kamar yadda ya yi wa tela. (Ba na kallo da yara ba ne, in faɗa muku, akwai inda dole a tura gaba.)

Da na farka sai na tarar maiɗakina ta ja kwamfutar gabanta ta zuba tagumi tana kallo, ita da ba ta jin Faransanci ko na gaisuwa. Na ce ke kashe abin nan mu kwanta, ta ce min tsaya, matar nan akwai abin da ke cin ta, ba ka ga jiya komai nata a tsare yake ba, yau ta bar dankali ya dahu ya wuce ta rasa inda za ta sa tukunyar, gashinta ma bai kwanta ba, wallahi wani abu zai faru. Kuma ya faru ɗin a ƙarshe. Da aka gama ta daɗe ba ta ce komai ba sannan ta ce, ashe akwai wanda ya san aikin gida aiki ne har ya kafa masa kyamara. Na rasa abin cewa. Ni da nake taƙama na kalli fim ya fi dubu ban ga komai ba, ita da take tsaye a kicin tun asuba ta karanta fim ɗin kamar wasiƙar da aka rubuto mata. Abin da nake zargin ku da yi wa sannu da hutawa amarya, shi na yi wa dankalin matar nan, na ga an fere dankali na ce ba abin da ya faru.

Har yanzu dai ban yarda shi ne ya fi kowane fim a duniya ba, kuma ko za a ba ni kuɗi ba zan sake zaman awa uku a kansa ba. Amma na daina cewa masu yabonsa ƙarya suke ko burga ce, sun ga wani abu, matata ma ta gani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da abin da suka gani ya zama ma'aunin hankalin kowa. Su kansu masanan ai ba su tsaya wuri ɗaya ba, abokin nawa ne ya ce min Citizen Kane na 1941 shi ya riƙe na ɗaya tun daga 1962 har 2002, a 2012 Vertigo ya ture shi, a 2022 matar dankali ta ture su duka. Fina-finan nan ba wanda aka ƙara wa ko minti ɗaya, masu zaɓen ne suka canza, aka ƙara yawansu aka shigo da waɗanda da ba a tambayar su. Kenan ashe sakamako yana bin waɗanda aka ba kujera a ɗakin. To a ɗakinku su wa ke zaune?

Mu kuma da Indiya ta raine mu muna da namu misalin. Sholay ya fito a 1975, farkon fitowarsa masu sharhi suka yi masa ca, da aka zo rabon Filmfare, kyautar fim ta Indiya, guda ɗaya tak ya samu, ta editin, Deewaar ne ya ɗauki fim mafi kyau. Jama'a kuwa suka ƙi barin sa, sai da ya shekara biyar ana nuna shi a sinimar Minerva a Bombay, mu nan ma wanda bai san Gabbar, bos ɗin fim ɗin, ba a zamaninmu ai ba a hira da shi. Bayan shekara talatin, a 2005, su Filmfare ɗin da kansu suka dawo suka ba shi kambun fim mafi kyau na shekara hamsin. A 2022 ma Indiya ta ƙi tura RRR a matsayin wakilinta a Oska ta tura wani daban, sai ga waƙar RRR ɗin ta ci Oska a 2023, waƙa da rawa fa, abin da yaron nan ya goranta wa tela. Mutanen da suka zauna a bencin sinima ba rufi ba fassara suka gane labarin Indiya tsaf har suka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin, a ce wai ba su san fim ba? Haba.

Laifi tudu ne, bari in sauko in taka namu. Mu ma 'yan kallo muna da tamu cutar, mun mayar da yawan biyus a YouTube kamar wahayi, in ka ce siris kaza ya fara ja da baya sai a ce maka ka ga miliyan nawa suka kalla? To ai hatsarin mota ma ana taruwa a kalla. Labarin da zai ƙare a episod goma sai a ja shi ya haura ɗari, a shigo falo a yi ina kwana ya gida ya yara ya mai jiki minti biyar, a tafi tuna baya a maimaita mana abin da muka gani makon jiya, jarumi ya fito daga mota a silo moshin ya rufe ƙofa a silo moshin, gida ɗaya ne a fim goma har mun haddace labulen, sauti wani wurin kamar a rijiya wani wurin iska ta cinye maganar, ga ɗauko labarin Indiya sukutum a sa masa hula da mayafi. Ni da nake turawa na fi kowa sanin wannan, kuma in kun ƙi ba irin waɗannan kyauta wallahi kun yi daidai, ko da masoya za su cika muku komen da zagi. Rukunan da kuke bar wa jama'a su yi zaɓe ma ba su tsira ba, ya koma gasar wanda ya fi yawan yara masu data, ba wanda ya fi iya aktin ba. Kuma a cikin siris ɗin nan namu akwai masu rubutu mai kyau na gaske, wanda ya bi Daɗin Kowa ko Kwana Casa'in ko Labarina ko Gidan Badamasi a lokacin da suke kan ganiyarsu ya san akwai inda in aka yi wata magana sai ka tsayar ka maimaita, amma da yake mun saba yabon komai da zagin komai, mai kyan da maras kyan duk sun tafi a kwando ɗaya. Don haka muna buƙatar ku, ban zo in ce a rushe alƙalanci a bar wa kasuwa ba, kasuwa ai ita ta kai mu inda muke.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin jan kafet ɗin da kuke shimfiɗawa ba. In kun ba fim kyauta ku rubuta mana dalili ko shafi ɗaya ne, ku ce mun ba shi don kaza da kaza, ga inda ya gaza amma ga abin da ya rinjaya, a fassara da Hausa a sa a intanet, mu karanta mu yarda ko mu yi musu da hujja, mai yiwuwa ma mu koyi kallon abin da da ba ma gani, kamar yadda na koya a hannun matata. A kasuwar Dawanau ko buhu nawa za ka saya sai ka ga mudun da aka auna maka, ku kaɗai ne kuke awo a ɗaki ku fito mana da buhu a ɗinke. Sannan duk fim ɗin da aka yi da Hausa ko aka yi a kan Hausawa, a samu mai jin Hausa har cikin ƙashinta a teburin, ba wai a gayyato jarumi ɗaya ya miƙa kofi a ɗau hoto ba, ina nufin marubuci ko marubuciya, malamin tarihi, tsohon ɗan wasan dirama na rediyo, wanda in an yi gatse zai yi dariya kafin rubutun ƙasa ya fito, kuma ƙuri'arsa ta yi nauyi daidai da ta kowa.

Kuma don Allah ku kawo mana fim ɗin. Sinima ta yi ƙaranci a Arewa, gaskiya ne, waɗancan na da yawanci sun zama shaguna da wuraren taro, amma akwai majigi akwai filin makaranta akwai ɗakunan taro na jami'o'i, akwai talabijin, a da ma ai da mota ake yawo gari-gari ana haska farin ƙyalle. Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ke shugabancin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, su ke shirya bikin fina-finai na Zuma, ga ƙofa nan a buɗe in ana so, a ɗauki waɗanda suka ci a zaga da su Kano da Kaduna da Gusau da Bauci, a tsallaka Maraɗi da Damagaram tunda su ma 'yan kallonmu ne, bayan an gama a ba mutane lasifika su faɗi ra'ayinsu darakta na zaune. Wani zai yi barci, wani zai tashi a tsakiya, wata kuma za ta ja kujera gaba ta ga abin da ku kanku ba ku gani ba.

Telan da yaron nan har yau ba su shirya ba, sai dai an samu ci gaba, yaron ya yarda zai zauna ya kalli Sholay daga farko har ƙarshe ba tura gaba, shi kuma Baba ya ce zai sake gwada wancan da ya sa shi barci amma da rana tsaka, a zaune ba a kwance ba, kuma sai an saya masa goro. Ranar Juma'a bayan la'asar muka sa. In akwai wanda hanya ta biyo da shi Kano a cikinku bismillah, bencin yana ɗaukar mutum biyar, in kun kai shida ɗaya sai ya yi haƙuri da jarkar fetur.

Ku huta lafiya.

Naku,
wani mai shagon turi a birnin Kano